Turaren da Ya Kori Gwaggo

Kwanan baya muna zaune a inuwar darbejiyar ƙofar gidan Alhaji Sale, a nan Sabuwa, sai Nura ɗan ƙanena ya miƙo mini wayarsa. Wasu Turawa ne cikin buɗaɗɗiyar mota, kowa da malafa, ga karkanda tana kiwo a gabansu kamar saniyar gida. A gaban motar wani baƙin mutum na zaune yana nuna ta da yatsa.

"Baba, ashe wanga shi ne aikin da kuka yi a Kamaru?" in ji Nura. "A ɗauke ka a mota, ka nuna dabba da yatsa, a biya ka. Ni ma a sama mini."

Abokansa suka yi dariya. Alhaji Sale ya ce, "Ƙyale shi, Malam Ilu. Wanda bai taɓa noma ba, gani yake gero daga buhu yake tsirowa."

Ban tanka ba, don idan na fara a wurin sai magariba ta same mu. Karatuna a firamare ya tsaya, amma hannuna na iya rubutu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wa su Nura yadda aikin yake.

Mahaifina maharbi ne. Tun ban kai tsawon bindigarsa ba nake bin sa dajin da ke tsakaninmu da ƙasar Zazzau. A lokacin akwai gada, akwai barewa, akwai mugun dawa, gwanki ma yakan ratso. Ba mu taɓa tunanin za su ƙare ba. Da rani mu cinna wa daji wuta mu tare bakinsa da karnuka, abin da ya fito namu ne, mai ciki da mai shayarwa duka. Yau idan yaro ya ce mini bai taɓa ganin barewa ba sai a waya, ba na neman mai laifi da nisa. Hannuna na ciki.

Wani falke ɗan Faskari mai sayen fatu shi ya ja ni zuwa arewacin Kamaru, wai in riƙa duba masa kaya. Cinikin bai yi albarka ba, ya dawo gida ya bar ni can. Da na ji ana neman masu sanin sawu a wani gandun daji, na je da bindigata a kafaɗa ina taƙama. Aka haɗa ni da babban mai bin sawu na wurin, wani tsohon Bafillatani siriri, Baba Hammadu. Ya karɓi bindigar, ya juya ta, ya yaba, sannan ya miƙa wa mai ajiya ya kulle. A madadinta ya ba ni wata 'yar jakar tsumma cike da toka.

Na ce, "Baba, da wannan zan tare ɓauna?"

Ya ce, "Bakatsine, idan ka iya wannan, ɓauna ba za ta san ka zo ba balle ka tare ta."

Jakar tokar nan ita ce babban kayan aiki. Ka girgiza ta kaɗan, tokar ta fita, ka ga inda iska ta nufa da ita. Idan ta nufi wajen dabba, ka koma ka sake hanya, ko da zagayen zai ci maka rabin yini. Sauran kayan ba su da yawa: takalmin taya wanda ba ya ƙara, gorar ruwa da aka naɗe da tsumma don kada ta yi ƙwal-ƙwal, sanda, da madubin hangen nesa guda ɗaya da muke karɓa-karɓa. Baba Hammadu ya hana sigari, ya hana sabulu mai ƙamshi, ya hana cin goro a kan sawu don tofar da yawu. Tari kuwa, sai dai ka haɗiye abinka.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sauya ido. Maharbi yana neman tazarar da harsashi zai kai. Mai kai baƙi kallo yana neman wurin da mutum biyar masu nauyin ƙafa za su tsaya su ƙoshi da kallo, dabbar kuma ta ci gaba da harkarta, a rabu ba wanda ya ɓata wa wani rai. Na farkon yaro ma yana iyawa. Na biyun na shekara ina shan zagi kafin in fara kama shi.

Baƙi kuwa kala-kala ne, kamar 'yan kasuwar Ƙanƙara. Akwai wanda zai duba agogo ya ce yana son zaki kafin abincin rana, sai ka ce ni na ɗaure shi a turke. Akwai wata tsohuwa da muka kai gaban garken giwaye, ta juya musu baya ta durƙusa tana kallon buzuzu yana mirgina kashi, har giwayen suka gaji suka wuce. Da za ta tafi ta ce ranar ce mafi daɗi a hutunta. Akwai namu manyan, masu zuwa da iyali da kulolin abinci. Su tambayarsu ɗaya ce, ko raƙumin dawa ka nuna musu: "Malam, ana ci?" Wani Alhaji ya taɓa ce mini in roƙi dorina ta ƙara buɗe baki, matarsa ba ta gama ɗauka ba. Na ce, "Alhaji, ba na jin yarenta, amma ga ruwan nan."

Duk wannan mai sauƙi ne. Aikin gaske shi ne karkanda.

Irin ta wajen ba irin ta wayar Nura ba ce mai tsayawa a fili. Ita 'yar duhuwa ce, mai cin ganye da rassa, mai saurin fushi. Ko a lokacin sun kusa ƙarewa, saboda ƙahonsu da ake saye da tsada a ƙetare. A ɓangarenmu saura ɗaya da muka tabbatar, mace, mai yagaggen kunne. Muka sa mata suna Gwaggo, don kullum a fusace take ba tare da an san dalili ba. Idonta ba ya gani sosai. Kana iya tsayawa a gabanta ta ɗauka kututture ne. Amma hancinta da kunnenta, Allah ya biya ta a nan har da riba. Ga kuma carki, tsuntsun nan mai cin kaska, yana zaune a bayanta kamar dogari. Da ya hango ka zai yi kuka, ita kuma ta miƙe.

Ba kasafai muke ganin ta ba, labarinta muke karantawa a ƙasa. Sawunta yatsu uku ne, na tsakiya ya fi faɗi. Inda ta ci reshe za ka ga ta datse shi a karkace, sumul, kamar an sa aska, ba kamar giwa mai yagewa ba. Tana da juji guda da take zuwa ta yi kashi ta tone shi da ƙafafun baya. Baba Hammadu yakan tura yatsa cikin kashin ya ce, "Da asuba ta wuce, kuma ranta a ɓace." Wata rana ya daɗe tsugune a kan sawunta, ya ce, "Takunta ya gajarta, ƙafar baya tana nutsewa. Gwaggo ta yi nauyi." Ban san inda ta samo miji ba, shi ma bai sani ba. Ya ce wannan ba huruminmu ba ne.

A ƙarshen wannan rani ne shugaban gandu ya tara mu. Ya ce masu ɗaukar nauyin 'yan gadin ɓangarenmu sun fara shakka. Shekara da shekaru ana aika musu hoton sawu da hoton kashi, sun ce ba don kashi suke taimako ba. Sun turo wata likitar dabbobi, Baturiya, ta gani da idonta ta ɗauki hoto. Idan ta ga karkanda, 'yan gadi su zauna. Idan ba ta gani ba, a kwashe su a kai wani wuri. Kowa a cikinmu ya san ma'anar wannan. Ranar da 'yan gadi suka naɗe tabarmarsu, masu neman ƙaho za su shimfiɗa tasu.

Sai ga kurkunu ya kwantar da Baba Hammadu, ƙafa ta kumbura ba ya iya takawa. Ya kira ni ya ce, "Bakatsine, kai za ka kai ta. Ka san tsamiyar gindin dutse inda Gwaggo take ƙailula. Ka bi ta yamma, kada ka yi gaggawa, kada ka yi wayo."

Matar ta iso, muna ce mata Madam. Doguwa ce, mai furfura, ta taɓa aikin shanu a Nijeriya don haka tana jin Hausa, irin wadda ake jan ta kamar igiyar guga. Ta ce gobe da safe.

Goben kuwa Juma'a ce.

To, a nan sai mutum ya san gidan da na fito. Mu a wajenmu Juma'a ba ta cika ba sai da wanka da turare, ko kana tsakiyar gona. Sannan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta raine mu a kan cewa ba a tarbar babban baƙo da warin jiki. Ina da wata 'yar kwalba da kawuna ya kawo mini tsaraba daga aikin Hajji, mai tsinken gilashi a murfinta, irin turaren da idan ka shafa yau, hularka za ta yi ta ba da labari har wata Juma'ar. Ga Juma'a, ga baƙuwa, ga ranar da aka fara ba ni jagora ni kaɗai. Na yi wanka, na sa kakina, na shafa a wuya, a gemu, a bayan hannu. Na ce a raina, Baba sabulu ya hana, bai ambaci turare ba. Kuma ai ga toka, iska ba za ta kai mata ba.

Da ma a kaina abin ya tsaya. Amma turare ba a shafa shi a gaban mutane a mayar aljihu, rowa ce. Na shafa wa direba. Na shafa wa 'yan gadi biyu da za su raka mu. Kowa ya murza hannu ya shafa a riga ya yi mini addu'a. Madam ta fito ta ishe mu, na miƙa tsinken, ita ma ta ba da bayan hannunta ba musu.

Haka muka shiga daji, mutum biyar, kamar masu ɗaukar amarya.

Mota ta ajiye mu nesa, muka taka. Komai ya tafi daidai. Sawu sabo, rassa datsattsu da ruwansu bai bushe ba, toka tana dawowa fuskata. Har na hango kan tsamiyar. Abin da na sani amma na raina shi ne, idan rana ta take, iskar gindin dutse ba ta da alƙibla. Na girgiza jakar, tokar ta tsaya cak, ta yi juyi ɗaya, sannan ta miƙe kai tsaye wajen tsamiya.

Muna da sauran tazara mai yawa, irin wadda warin mutum zalla zai iya bajewa kafin ya isa. Wannan turaren kuwa ba ya gajiya a hanya. Muka ji wani huci kamar an huda tayar babbar mota, carki ya tashi, sai ƙarar itatuwa suna kakkaryewa, tana yin nisa, tana yin nisa. Ko wutsiyarta ba mu gani ba. Da muka isa, makwancinta da ɗumi.

Madam ta durƙusa ta taɓa ƙasar. Ta ce, "Ɓauna ma tana yin ƙara haka. Ba zan rubuta ƙara ba." Sannan ta shinshina bayan hannunta, ta dube ni. "Malam Ilu, wannan abu, ba maganin maharba ba ne?"

Na ce, "A'a Madam. Turare ne."

Ta ce, "Ni na ɗauka asiri ne na ɓoye wari. Shi ya sa ban yi magana ba."

Ɗaya daga cikin 'yan gadin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Na bi sawun har bakin kogi. Ta tsallaka. Ƙetaren kogin nan ba gandu ba ne, ba mai gadi, can masu ɗana tarkon waya suke yawo. Wato da hannuna na kori dabba mai tsohon ciki daga inda ake tsaron ta zuwa inda ake neman ta. Kwanakin Madam kuma sun kusa ƙarewa.

Ban kai ƙofar ɗakin Baba Hammadu ba ya jiyo ni. Yana kwance ya ce, "Wa ke nan? Ango ya dawo?"

Na tsaya a bakin ƙofa.

"Shigo mana. An ba ka ita, ko iyayenta sun ce sai baɗi?"

Na tsuguna na faɗa masa komai. Ya saurara, ya ce, "Laifina ne. Na hana sabulu, na hana sigari, na manta Bakatsine aka ba ni." Da ya ga ban yi dariya ba, ya gyara kwanciya. "To ji nan. Mai ciki ba ta gudu mai nisa. Ruwa za ta nema da duhuwa. Akwai wani kwari bayan tudun farar ƙasa, mai yawan ƙaya. Da ni ne ita, can zan je. Amma kafin nan ka rabu da wannan ƙamshi, har ƙafata ta fara jin sa."

Rabuwa da shi ma aiki ne. Muka yi wanka da laka a kogi, mu duka. Kakin da muka sa aka tura ƙarƙashin gado, muka sa tsofaffin kaya da aka rataya cikin hayaƙin ɗanyen ganye. Sannan na samo kashin giwa mai ɗan danshi na murje jikina da shi, na miƙa wa Madam. Ta dube shi ta ce, "Wannan ma daga Makka?" Ta shafa har wuya.

A wannan karon na bar direba da ɗan gadi guda a bakin kogi, mu uku muka tsallaka. Ƙasar can dutse ce, ba ta riƙe sawu. A irin wannan wuri ba sawu kake nema ba. Tsakuwa kake nema wadda aka juya, cikinta mai duhu yana kallon sama. Ganye kake nema wanda aka goga wa laka a tsayin ƙugunka. Wani lokaci in ɓata, in koma alamar ƙarshe, in yi ta zagaye a durƙushe kamar mai neman allura. A hanya muka cire tarkon waya har biyu, sababbi. Madam ta naɗe su ta sa a jaka. Muka wuni, muka koma hannu wofi. Muka sake wuni. Ranar da ya rage mata kwana ɗaya ta haɗa kaya, da hantsi, na ga reshen ƙaya datse a karkace a bakin kwarin da Baba ya faɗa, ruwansa na ɗiga.

Na girgiza toka. Na sake girgizawa. Ban taɓa girgiza jakar nan kamar ranar ba, kowane taku sai na tambaye ta. Muka hau wani suri babba da rarrafe, muka leƙa.

Ga ta nan kwance a inuwa, da yagaggen kunnenta yana juyawa. Carki biyu a bayanta, Allah ya sa suna ta cin kaska ba su ɗaga kai ba. Madam ta ɗaga na'urarta ta ɗaukar hoto a hankali. Sai wani abu ya motsa a gefen cikin Gwaggo, launin toka, bai fi ɗan maraƙi ba, babu ƙaho sai wani ɗan tudu a hanci, kunnuwa kamar an ara masa. Ya miƙe, ya yi tangaɗi, ya faɗi, ya sake miƙewa ya laluba nono.

Madam ta ɗora na'urar a kafaɗata. Ta ɗauka iya son ranta. Muka ja da baya kamar yadda muka zo, Gwaggo ba ta san an yi ba. Sai da muka kai kogi Madam ta yi magana. Ta ce, "An aiko ni neman ɗaya."

'Yan gadi suka zauna. Aka ma ƙara wasu, aka kafa musu rumfa a ƙetaren kogi. Baba Hammadu ya warke, kuma har ya bar duniya bai sake kira na Bakatsine ba. Ango yake ce mini, har a gaban baƙi.

Da labarin a nan ya ƙare, da na fi kowa murna. Mun yi shekaru muna bin sawu biyu, babba da ƙarami, har ƙaramin ya kusa kamo babban. Sannan muguwar shekara ta zo. Ruwa ya yi ƙaranci, baƙi suka ɗauke ƙafa, albashi ya riƙa makara, masu neman ƙaho kuma suka daina zuwa da tarkon waya, suka koma zuwa da bindigogin da suka fi na 'yan gadi. Wata safiya na je jujin Gwaggo na ishe kashin ya bushe. Na koma bayan mako, ciyawa ta fara tsirowa a kai. Ba mu ga gawa ba, ba mu ga sawu ba. Na ƙara damina biyu ina dubawa, sannan na karɓi tsohuwar bindigata daga mai ajiya, ta yi tsatsa, na bar masa ita na dawo gida. Daga baya na ji an ce irin wannan karkandar an neme ta ko'ina a ƙasar ba a samu ba.

Na dawo na ishe dajinmu shi ma ba na shiga ba ne yanzu, kowa ya san dalili. Noma nake yi, masara da ɗan waken suya, kusa da gari.

Don haka Nura, mutumin da ka gani a gaban mota yana nuni da yatsa, kafin ya ɗaga yatsan nan ya yi rarrafe a kan dutse, ya tura hannu a kashi, ya sha zagin wani tsoho. Idan har yanzu kana so, zo in ɗinka maka jakar toka mu fara da zabin dajin bayan gona. Ranar da ka kai ni kusa da su ba su tashi ba, sai mu yi maganar mota.

Kwalbar tana nan a ƙasan akwatina, rabi. Tun ranar ban sake shafa turare ba, ba don haramun ne ba, hannuna ne kawai ba ya zuwa. Kowace Juma'a Alhaji Sale yakan fito da tasa kwalbar a sahu, ta bi hannu-hannu. Idan ta zo kaina sai in miƙa wa na gaba. Makon jiya ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Haba Malam Ilu, shafa mana. Gwaggo ba ta cikin masallacin nan."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Ba ta ko'ina."

Na miƙa wa na gaba.